Ƙungiyoyin jita na indie a Birtaniya: wacce ce har yau ake bin sawunta?

Ɗan_Garmaho
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masana su sa baki. Cikin ƙungiyoyin jita na Birtaniya da ake kira indie, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa yau, wacce ce tasirinta ya fi nisa? Ba cinikin faifai nake tambaya ba. Ina nufin wacce ce idan yaro ya ɗauki jita yau a Leeds ko Glasgow, yatsunsa za su bi sawunta ko da bai taɓa jin sunanta ba?

Ni dai na tsaya a kan The Smiths. Shekara biyar kawai suka yi, daga 1982 zuwa 1987, kundi huɗu na sutudiyo, duka a kamfanin Rough Trade. Amma mai jitarsu Johnny Marr ya sauya aikin da jita ke yi a cikin waƙa. Maimakon ya jira tsakiyar waƙa ya yi dogon kiɗan nuna bajinta, sai ya riƙa warware kod tsirkiya-tsirkiya, yana saƙa ƙananan karin sauti a ƙarƙashin muryar Morrissey tun daga farko har ƙarshe. Bernard Butler na Suede, Ed O'Brien na Radiohead da Noel Gallagher na Oasis duk sun faɗa da bakinsu cewa sun sha daga wannan rijiya. Wa ke da ja?

Injiniya_Sauti
Wa alaikumus salam. Ba ni da ja, sai ƙari. Mutane da yawa suna ɗauka sautin Marr a jitar Rickenbacker yake, saboda ita suka gani a hannunsa a talabijin. Amma babban layin "This Charming Man" na 1983 da Fender Telecaster ta 1954 aka ɗauke shi, kuma Marr ya ce layukan jita kusan 15 aka jera a waƙar, har da na jita mara lantarki guda uku. Shi ya sa duk wanda ya zauna da jita ɗaya yana son fitar da abin da ya ji a faifan yake ƙarewa da takaici. Abin da kunne ke ɗauka hannu ɗaya ne, hannaye ne da yawa.

Na biyu, ya ɗaure tsirkiyoyin sama da yadda aka saba da mataki guda cikakke, wato E ta koma F#. Yana kama siffar G, sauti yana fita a A. Ƙarin ɗaurin nan shi ke ba shi wannan ƙarar mai tsini kamar an buga ƙaramar ƙararrawa.

"How Soon Is Now?" kuma wani aiki ne daban. An ɗauki jitar ba karkarwa, sannan aka mayar da ita cikin amfilifaya Fender Twin Reverb guda huɗu, Marr da furodusa John Porter suna juya maɓallan karkarwar da hannu don ta zauna daidai da ganga. Ba ta wuce daƙiƙa goma take kaucewa, sai a tsaya a sake. Guntu-guntu aka ɗinke ta.

Hajiya_Faifai
Malam Garmaho, kafin mu yi nisa a gyara ma'anar kalmar. Asalin indie ba salon kiɗa ba ce, hanyar kasuwanci ce. Faifan da aka buga kuma aka rarraba ba tare da manyan kamfanoni irin EMI ko CBS ba, shi ne indie. Jadawalin indie na Birtaniya ya fara fitowa a Janairun 1980, kuma abin da ake dubawa shi ne wa ya rarraba faifan zuwa shaguna.

Idan haka ne, wanda ya buɗe ƙofa Buzzcocks ne. Sun ranto kusan fam 500 daga 'yan'uwa da abokai, a Janairun 1977 suka fitar da kwafi 1,000 na Spiral Scratch a ƙarƙashin sunan kamfaninsu New Hormones, waƙa huɗu. Daga baya ya sayar da kusan 16,000. Wannan ne ya nuna wa yaran Manchester, Glasgow da Belfast cewa ba sai sun je Landan sun durƙusa ba. Rough Trade ta zama kamfanin faifai a 1978, Factory ma a 1978, Postcard ta biyo baya a Glasgow, Creation a 1983. Ba don wannan hanyar ba, ina The Smiths za su sa ƙafa?

Maibes_Kt
Kowa jita, jita. An manta da bes. Peter Hook na Joy Division ya hau can saman wuyan bes yana kaɗa karin waƙar, saboda lasifikarsa mai araha ce, in ya kaɗa ƙasa ba ya jin kansa a cikin hayaniyar sauran. Larura ta zama salo. Ku saurari Unknown Pleasures na 1979: bes ce ke riƙe da waƙa, jitar Bernard Sumner tana yanka daga gefe. Interpol a Amurka, Editors a Birmingham, duk tsarin nan ne. Ni Joy Division na zaɓa.

Yar_Tudun_Wada
Yaya Injiniya, don Allah a sauko da maganar ƙasa. Mai jita irin Squier da ƙaramar amfilifaya, ba manyan amfilifaya irin Twin Reverb ko JC-120 ba, yaya zai yi ya kusanci wannan sauti mai walƙiya? Kuma ɗaure tsirkiya zuwa F# ba ya tsinka ta?

Injiniya_Sauti
Yana tsinkawa, ƙanwata, musamman tsirkiyar G da ƙaramar E idan lamba 10 ce ko sama. Yana kuma jan wuyan jita ya lanƙwashe. Hanya mai sauƙi ita ce a bar ɗauri yadda yake a sa kafo, wato matsewar da ake ɗaurawa a wuyan jita don ɗaga sauti, a gaɓa ta biyu. A matsa shi daf da bayan ƙarfen gaɓar, kada a sa shi a tsakiya, in ba haka ba zai danne tsirkiya fiye da kima sauti ya haura. Bayan an ɗaura kafo a sake duba kowace tsirkiya.

Sauran aikin kuwa:

A zaɓi fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) na kusa da jaki, wato gadar da tsirkiyoyi ke hawa, ko a haɗa shi da na tsakiya. Amfilifaya ta kasance fes, ba distoshan. Bes ɗinta a 3, tsakiya a 5, tsini a 6 ko 7. Idan akwai fedar kwamfuresa a sa ta farko, da matsi kaɗan, don tsirkiyar da aka taɓa a hankali ta fito daidai da wadda aka buga da ƙarfi. Sai koras, fedar da ke sa jita ɗaya ta yi kamar biyu, gudunsa a hankali, zurfinsa kada ya kai rabi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika koras har jita ta riƙa yi kamar ba a ɗaure ta daidai ba. Amon ɗaki kaɗan a ƙarshe.

Game da JC-120, sirrinta shi ne lasifika biyu masu inci 12, kowacce da nata wat 60. Idan aka kunna koras, ɗaya tana fitar da sauti tsantsa, ɗayar tana fitar da wanda ake ɗan karkaɗawa, a iska suke haɗuwa. Wanda ya sa makirfo ɗaya a gaban lasifika ɗaya bai ɗauki koras ɗin ba. Sai makirfo biyu, ɗaya hagu ɗaya dama.

Wurin ɗauka a kwamfuta, a kaɗa layin sau biyu, a tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kada a kwafi layi ɗaya a manna shi, wannan ƙara kawai yake ƙarawa, idan kuma aka ɗan gusa shi sai sautin ya zama kamar daga cikin bututu. A yanke duk abin da ke ƙasa da 100 zuwa 120 Hz daga jita a bar wa bes wurinta. Sai dabara ta ƙarshe da Marr ya yi amfani da ita: ɗaurin Nashville. A cire tsirkiyoyi huɗu masu kauri a maye su da sirara da ake ɗaurewa oktaf guda sama, lambobinsu daga ƙarama 10, 14, 9, 12, 18, 27. A kaɗa kod iri ɗaya da ita a ƙarƙashin babbar jitar. Tana ba da walƙiyar jita mai tsirkiya 12 ba tare da cunkoso ba.

Jakin_Molo
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya shafe mu. Marr da kansa ya ce a "This Charming Man" ne ya fara amfani da gudun yatsu irin na hailaif, tsirkiya biyu tare masu tazarar da makaɗa ke kira "third". Duk wanda ya saba da jitar Gana ko ta kudancin Najeriya zai gane ta nan take. Lokacin ma ya dace: a 1982 kamfanin Island ya fitar da Juju Music na King Sunny Ade a Birtaniya, kuma a tsakiyar shekarun 1980 John Peel da Andy Kershaw suna ta sa Bhundu Boys na Zimbabuwe a rediyon BBC.

Ga mai son gwadawa, a makullin G, tsirkiya ta uku da ta biyu tare, gaɓoɓin su ne 4 da 3, 5 da 5, 7 da 7, 9 da 8, 11 da 10, 12 da 12. A hau a sauko, a riƙa zamewa daga wannan zuwa wancan ba tare da ɗaga yatsu ba, hannun dama yana ɗan danne tsirkiya a kan jaki don sauti ya gajarce. Abin da ke lalata shi shi ne barin tsirkiya ta huɗu tana amo, sai a kwantar da kan yatsan da ke kan ta uku ya taɓa ta.

Kuma Malam Garmaho, Orange Juice na Glasgow sun riga The Smiths kaɗa jita fes mai walƙiya, tun faifansu na farko a Postcard a 1980. Daga 1982 mai gangarsu Zeke Manyika ne, haifaffen Zimbabuwe.

Ɗan_Garmaho
Na karɓi gyaran Orange Juice, Malam Jaki. Har The Byrds na Amurka sun riga kowa a shekarun 1960. Amma riga daban, yaɗawa daban. Hajiya, maganarki ta Buzzcocks gaskiya ce ta fuskar kasuwa, sai dai tambayata a kan hannu take, abin da yatsu ke yi.

Zazzau_Feda
In dai abin da yatsu ke yi a yau ne, ku leƙa abin da matasan Amurka da Japan suke fitarwa a intanet shekarun nan. Ba Marr suke kwaikwayo ba, hayaniya mai laushi ce ta shoegaze. Tushenta The Jesus and Mary Chain daga East Kilbride, da Psychocandy na 1985: karin waƙa mai daɗi irin na 'yan matan Amurka na shekarun 1960, an binne shi cikin kukan amfilifaya. Fedar faz, mai murƙushe sauti, ta Shin-ei ta Japan suka yi amfani da ita, Bobby Gillespie kuma yana tsaye da ganga biyu kacal. Daga nan Ride na Oxford, Slowdive na Reading, sai uwa uba My Bloody Valentine da Loveless a 1991. Slowdive sun watse a 1995 'yan jarida na yi musu ba'a, suka dawo a 2014 suka tarar da masu sauraro da yawansu ba a haife su ba lokacin kundinsu Souvlaki. Wannan shi ne tasiri mai nisa.

Baba_Kaset
Gyara kaɗan, ɗana. My Bloody Valentine a Dublin aka kafa ta a 1983. Kevin Shields da Colm Ó Cíosóig 'yan Ailan ne, Bilinda Butcher da Debbie Googe ne 'yan Ingila. A Landan suka yi suna kuma a Creation suka fito, don haka ana lissafa su a tafiyar, amma kada a ce musu ƙungiyar Birtaniya kai tsaye. Haka Fontaines D.C. na yanzu, su ma Dublin ne.

Zazzau_Feda
Na gode Baba, haka ne. Bari in ƙara bayanin yadda ake yin sautin, don ana yawan kuskure. Mutane suna tara feda goma suna cewa shoegaze. Shields ya sha faɗa cewa layukan jita a Loveless ba su kai yadda ake zato ba. Aikin a hannun dama yake. Yana riƙe sandar karkarwa ta Jazzmaster ko Jaguar a tafin hannu yayin da yake kaɗa kod, yana ɗan danna ta ƙasa a kowane bugu, sauti ya nutse kaɗan ya dawo. Stratocaster ba ta yin wannan da kyau, sandarta gajera ce kuma tana sauke sauti da yawa a ɗan motsi.

Na biyu shi ne amon ɗaki na baya-baya, wanda ke tasowa maimakon ya mutu, daga na'urar Yamaha SPX90. Tsarin jeri kuma a juye yake: amon ɗaki kafin faz. Idan faz ce a gaba za ka ji jita a cikin babban ɗaki. Idan amon ne a gaba, faz za ta murƙushe shi duka ya zama bango guda. A rage tsini a amfilifaya, in ba haka ba kunne ba zai jure minti biyu ba.

Kafinta_Jita
Tunda an ambaci Jazzmaster da Jaguar, mai shirin saye ya san matsalarsu. Jakinsu na asali yana da ƙananan tsage-tsage marasa zurfi, kuma kusurwar da tsirkiya ke karyewa a kansa ba ta da yawa. In ka buga da ƙarfi babbar E za ta yi tsalle ta bar gurbinta, ƙananan kusoshin kuma su riƙa kwancewa suna zuza. An ƙera su ne lokacin da ake amfani da tsirkiya mai kauri.

Magani uku ne. A sa tsirkiya lamba 11 ko sama. A kwance wuya a sa siririn ƙyalle na katako a gindinsa, rabin digiri zuwa digiri ɗaya, don a samu damar ɗaga jaki kusurwa ta ƙaru. In bai isa ba a sauya jakin da irin na Mustang mai tsagi ɗaya mai zurfi, amma a duba lanƙwasar allon yatsu ta dace da shi, wasu inci 7.25 ne wasu 9.5. Kada a liƙe jakin ya daina motsi, an yi shi ne ya riƙa lilo gaba da baya tare da sanda. Jaguar wuyanta inci 24 ne, Jazzmaster 25.5, don haka lamba 11 a Jaguar tana da laushi kamar 10 a ɗayar. Marr ma yanzu Jaguar yake riƙewa, Fender ta yi masa mai sunansa.

Sarkin_Kop
Duk wannan bayani ba wanda ya ce Oasis? Knebworth, 1996, mutum 250,000 a dare biyu. Wace ƙungiya ce a cikin waɗanda kuka lissafa ta sa yara suka sayi jita kamar su?

Hajiya_Faifai
Ƙanina, a nan ne kalmar ta fara lalacewa. Lokacin da kundin Oasis na farko, Definitely Maybe, ya fito a Creation a 1994, mai kamfanin Alan McGee ya riga ya sayar wa Sony kusan rabinsa tun 1992, saboda bashi. Blur kuma a Food suke, wadda ke ƙarƙashin EMI. Gasar da aka yi a Agustan 1995, inda "Country House" ta Blur ta sayar da kusan 274,000 "Roll With It" ta Oasis kuma kusan 216,000 a mako guda, da kuɗin manyan kamfanoni aka yi ta. Daga nan indie ta koma nufin samari huɗu da jita, ko wa ya biya kuɗin.

Wanda ke son ganin ainihin abin ya dubi Sarah Records ta Bristol, 1987 zuwa 1995. Sun fifita ƙaramin faifai mai inci 7 saboda ya fi araha ga mai saye, suka kai lamba 100 suka rufe da kansu. Ko Tigermilk na Belle and Sebastian a 1996, kwafi 1,000, wanda ɗaliban wata kwaleji a Glasgow suka fitar a matsayin aikin aji.

Injiniya_Sauti
Ba zan raina Oasis ba, amma tasirinsu mafi girma a wurina a teburin haɗa sauti yake. An ɗauki Definitely Maybe a Monnow Valley bai yi ba, sauti ya fito siriri saboda an raba makaɗan kowa a keɓe. Aka sake a Sawmills a Cornwall suna kaɗawa tare. Sannan Owen Morris ya karɓa, ya zubar da yawancin layukan da Noel ya jibga, ya matse sautin gaba ɗaya har ya fi kowane faifai ƙara a mashaya. Wasu suka bi. Illar ita ce in ka matse komai ya kai rufi, amshi ba shi da inda zai tashi, ganga ta rasa naushi, kunne ya gaji. Yanzu da Spotify da YouTube suke daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, wanda ya matse fiye da kima rage shi kawai za a yi, ya tashi a tutar babu.

Sarkin_Kop
Na ji, amma sauƙi ma tasiri ne. Ku dubi "Wonderwall" ta Oasis: Em7, G, Dsus4, A7sus4, kafo a gaɓa ta biyu, yatsu biyu na ƙarshe ba sa motsi daga gaɓa ta uku. Mai koyo na wata biyu zai iya. Marr fa? Sai ka shekara.

Lauyan_Zaure
Darasin The Smiths da ƙungiyoyi suka fi buƙata ba a jita yake ba. Morrissey da Marr ne kaɗai suka sa hannu a kwantiragin Rough Trade, suna ɗaukar kashi 40 kowannensu na kuɗin faifai da wasanni, mai bes Andy Rourke da mai ganga Mike Joyce kashi 10 kowanne, ba rubutacciyar yarjejeniya. Bayan rabuwa aka je kotu. Rourke ya karɓi fam 83,000 ya janye. Joyce ya ci gaba, a 1996 kotu ta ba shi kashi 25, kusan fam miliyan ɗaya. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila tana ɗaukar abokan kasuwanci daidai suke muddin ba a nuna an amince da wani rabo ba.

A lura kuɗi iri biyu ne: na rubuta waƙa, wanda na marubuta ne, da na ɗaukar sauti da wasa, wanda na duk wanda ya kaɗa ne. Shari'ar a kan na biyun take. The Stone Roses su ma takarda ce ta ci su. Kundinsu na farko ya fito a Mayun 1989, rigima da Silvertone ta kai su kotu, na biyun bai fito ba sai Disambar 1994, lokacin kasuwa ta riga ta koma hannun wasu. Factory kuwa ta ba makaɗa mallakar ayyukansu, da ta durƙushe a 1992 mai son saye ya tarar ba abin da zai saya.

UwarGida86
An ambaci Stone Roses an wuce da sauri. Abin da suka kawo shi ne rawa. Mai ganga Reni da mai bes Mani suna kaɗa abin da za a taka, John Squire yana saƙa a sama. "Fools Gold" ta kusa minti goma a kan zagayen ganga ɗaya da fedar wah-wah. Wannan haɗin jita da filin rawa shi Franz Ferdinand suka farfaɗo da shi a 2004.

Sannan kada a manta da Sikotland. Nirvana sun sake rera waƙoƙin The Vaselines har uku. Mujallar Spin ta zaɓi Bandwagonesque na Teenage Fanclub a matsayin kundin shekarar 1991, a shekarar da Nevermind na Nirvana ya fito. Tasirin da ya tsallaka teku kenan.

Jakin_Molo
In koma kan zaren da na ja ɗazu. Bai tsinke a 1983 ba. Bloc Party, wadda jagoranta Kele Okereke haifaffen Liverpool ne iyayensa 'yan Najeriya, a "Banquet" jita biyu ne suke karɓeɓeniya, wannan ta buga ta yi shiru waccan ta amsa, ɗaya a kunnen hagu ɗaya a dama. Foals na Oxford a Antidotes na 2008 suna kaɗa ɗigo-ɗigo can sama da gaɓa ta 12, kuma masu busa na Antibalas, ƙungiyar afrobit ta New York, suka gayyato. Damon Albarn na Blur ya fitar da Mali Music a 2002, ya kuma kafa ƙungiya da Tony Allen, mai gangar Fela.

Mai son wannan salon ya kula da lissafin amsa-kuwwa. A raba 60,000 da gudun waƙa, a samu tsawon bugu ɗaya a milisakan. Gudu 120 ya ba da 500, gudu 150 ya ba da 400. A ninka da 0.75 don amsar ta faɗo a tsakanin bugu: 375 da 300 kenan. Maimaici biyu ko uku ya isa. In mai ganga ba ya riƙe gudu, duk lissafin ya rushe, amsar za ta riƙa karo da hannunka.

Baba_Kaset
Ku yaran nan ba ku ce The Fall ba. Mark E. Smith ya kafa ta a Prestwich a 1976, ya riƙe ta har rasuwarsa a Janairun 2018, makaɗa sama da 60 suka shiga suka fita, sau 24 suna ɗaukar zama a shirin John Peel. Salon shi ne bes ta kama layi ɗaya ta yi ta nanatawa, jita tana karce, mawaƙi yana magana maimakon rerawa. Ku saurari Yard Act na Leeds, Dry Cleaning, Shame, Squid. Rabin abin da ya fito daga ɗakin wasa na Windmill a Brixton cikin shekaru goman nan jikokin The Fall ne.

Zaman Peel ɗin kansa makaranta ne: waƙa huɗu a yini ɗaya a sutudiyon Maida Vale, ba lokacin yin ado. Dan Carey ya ɗauko irin wannan tsari a Speedy Wunderground tun 2013: a ɗauka a yini ɗaya, a haɗa washegari, a buga kwafi 250. Shi ya yi aikin kundin farko na Black Midi da na Squid, da mafi yawan na Wet Leg.

Yar_Tudun_Wada
Arctic Monkeys fa? Sun raba faya-fayan gwaji kyauta a wuraren wasa, magoya baya suka ɗora a intanet, kundinsu na farko a Domino ya sayar da sama da 360,000 a makon farko a Janairun 2006. Kamfani mai zaman kansa ne, don haka ko a ma'aunin Hajiya sun cika. Kuma Alex Turner ya rera da harshen Sheffield bai ɓoye ba.

Hajiya_Faifai
Sun cika, 'yar'uwa. Domino ce ta fitar da Franz Ferdinand da Wet Leg ma. Amma rera waƙa da karin harshen garinku Jarvis Cocker na Pulp ya riga shi a Sheffield ɗin, David Gedge na The Wedding Present kuma a Leeds.

Kafinta_Jita
Abu biyu ga masu sayo kayan nan su kawo gida. Amfilifayar da aka yi don Birtaniya volt 230 take ci, daidai da wutarmu, har fulogin iri ɗaya ne. Wadda aka yi don Amurka 120 ce, in ka soka ta kai tsaye taransifoma ta ƙone. A duba bayanta tukuna. Mai bawul irin Vox AC30, da EL84 guda huɗu, tana zafi sosai kuma ba ta son wuta mai hawa da sauka, sai da sitabilaiza, kuma a bar sarari a bayanta. Feda yawancinsu volt 9 ne, tsakiya nagatif. Ta dijital tana iya jan 100 zuwa 300 mA, in aka jera ta a waya ɗaya da faz za a ji ƙugi.

Sai hunturu. Iska in ta bushe allon yatsu yana tsukewa, bakin ƙarafan gaɓa su fito suna yankar hannu, fuskar jita mara lantarki tana iya tsagewa. A ajiye ta cikin akwatinta da soso mai ɗan danshi a cikin roba mai huji, kada ya taɓa katako. In wuya ya motsa, a juya ƙarfen ciki rubu'in zagaye kawai, a bari ya kwana kafin a ƙara.

Ɗan_Garmaho
Na karanta duka. Baba Kaset ya girgiza ni da maganar The Fall, domin in aka ce a saurari sababbin ƙungiyoyin Ingila na yau, lallai an fi jin Mark E. Smith da Peter Hook fiye da Marr. Amma har yanzu ina ganin duk inda aka kaɗa jita fes ana warware kod, daga The Sundays zuwa Alvvays na Kanada, hannunsa ne. Ya ma shiga Modest Mouse da The Cribs da kansa, ƙungiyoyin da suka taso suna jin sa.

Maibes_Kt
To ai ko a The Smiths ɗin, cire bes ɗin Rourke daga "This Charming Man" ka ji abin da zai rage. Marr yana sama yana yawo ne saboda akwai wanda ya riƙe masa ƙasa yana kuma kaɗa nasa karin. Rourke ya fito daga kiɗan fank, shi ma a F# ya ɗaure bes ɗinsa.

Yar_Tudun_Wada
Yaya Injiniya, wata tambayar. Wurin ɗaurin Nashville, tsirkiya lamba 9 da za a kai G na sama, ba za ta tsinke ba?

Injiniya_Sauti
Ita ce mai saurin tsinkewa a cikin shidan. A hau da ita a hankali, a tsaya a F a ɗan ja ta da yatsa ta saki jiki, sannan a ƙarasa. A goga bakin fensir a tsagin da take bi a saman wuya don kada ta maƙale. In jitar mai dogon wuya ce, inci 25.5, lamba 8 ta fi aminci. Kuma da yake sirara ba sa jan wuya kamar masu kauri, zai ɗan miƙe, wataƙila sai an sassauta ƙarfen ciki kaɗan kamar yadda Malam Kafinta ya bayyana, in ba haka ba za ki ji zuza a gaɓoɓin farko.